Jiragen Araha: Kuɗin Tikiti da Abin da Fasinja Ke Biya Daga Baya

A shekarar kuɗi da ta ƙare cikin watan Maris na 2025, kamfanin jiragen sama na Ryanair, mai hedkwata a ƙasar Ayilan, ya yi jigilar fasinjoji miliyan 200, adadin da babu wani kamfani a nahiyar Turai da ya taɓa kaiwa cikin shekara guda. Kuɗin da ya shiga aljihunsa ya tasam ma Yuro miliyan dubu 14, amma kimanin kashi ɗaya bisa uku na wannan kuɗi ba daga sayar da tikiti ya fito ba. An tara shi ne daga kuɗin akwati, da na zaɓen kujera, da na izinin shiga jirgi kafin jama'a, da cinikin shayi da abinci a sararin sama. Wannan lissafi ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe a zuciya duk lokacin da ya ga tallar tikiti mai rahusa, domin farashin da aka rubuta da manyan haruffa kuɗin kujera ne kawai.

Tsarin ya samo asali ne daga Amurka. A shekarar 1971 kamfanin Southwest ya fara zirga-zirga tsakanin biranen Dallas, Houston da San Antonio na jihar Texas da jirage uku ƙirar Boeing 737, ya kuma samu damar faɗaɗa bayan da gwamnatin ƙasar ta janye hannunta daga ƙayyade farashi da hanyoyi a 1978. A Turai, Ryanair da ya fara aiki a 1985 ya kwaikwayi wannan salo a farkon shekarun 1990, sannan easyJet ya biyo baya a 1995, ana saura shekara biyu Tarayyar Turai ta kammala buɗe kasuwar sufurin samanta. Daga nan abin ya bazu zuwa Gabas: AirAsia a Malesiya tun daga 2001, Air Arabia a Sharja a 2003, flydubai a 2009, da kuma Flynas na Saudiyya, wanda alhazan Nijeriya da yawa suka sani saboda jigilar aikin Hajji.

Ba a samun arahar ta hanyar rage kula da lafiyar jirgi, kamar yadda wasu ke zato. Hukumar da ke duba injin babban kamfani ita ce ke duba na ƙarami, da ma'auni guda. Har zuwa shekarar 2025, Ryanair da easyJet ba su taɓa yin haɗarin jirgi da ya halaka fasinja ba. Inda ake rage kuɗin shi ne wajen tafiyar da aiki. Kamfanin yakan sayi jirgi iri ɗaya tak, ta yadda kowane matuƙi zai iya tuƙa kowane jirgi, kayan gyara kuma iri ɗaya za a ajiye. Yakan saye su da yawa a lokacin da kasuwa ta faɗi. A watan Janairu na 2002, watanni huɗu bayan harin 11 ga Satumba, Ryanair ya yi odar jirage 100 daga Boeing a daidai lokacin da sauran kamfanoni ke soke tasu. Yakan sayar da tikiti kai tsaye ta intanet domin kauce wa la'adar dillalai.

Amma ginshiƙin lamarin shi ne lokaci da yawan kujeru. Duk mai motar haya ya san cewa motar da ke tsaye a tasha ba ta kawo kuɗi, alhali bashin da aka saye ta da shi yana nan yana ƙaruwa. Haka jirgi yake. Saboda haka waɗannan kamfanoni ke ƙoƙarin sauke fasinjoji, su share jirgi, su ɗebi wasu, su tashi cikin minti 25. Jirgin Boeing 737-800 da manyan kamfanonin Amurka ke sa wa kujeru 160 zuwa 170 da 'yan kai, saboda sashen manyan baƙi da ke gaba, Ryanair kujeru 189 yake sa masa, kuma a shekarar da aka ambata kashi 94 cikin ɗari na kujerunsa a sayar suke. Idan aka raba kuɗin mai da albashin matuƙa tsakanin mutum 180 maimakon 130, dole rabon kowa ya ragu.

A nan batun jin daɗi ya shigo. Ana auna sararin zama ne da tazarar da ke tsakanin kujera da wadda ke gabanta. A jiragen araha tazarar takan kama daga inci 28 zuwa 30, wato santimita 71 zuwa 76, yayin da a sashen talakawa na jiragen doguwar tafiya aka fi samun inci 31 zuwa 32. A takarda bambancin ƙanƙane ne, amma dogon mutum zai ji shi a gwiwarsa. Kujerun Ryanair ba sa kwantawa baya, kuma babu aljihun ajiye takardu a jikinsu, domin kada masu shara su ɓata lokaci. Ko ruwan sha sai an saya. Sai dai gaskiya ita ce, a tafiyar sa'a ɗaya ko biyu wannan duka bai kai abin damuwa ba ga wanda ya saba da zaman bas daga Kano zuwa Legas. Bugu da ƙari, manyan kamfanonin ma sun sauko: tun watan Janairu na 2017 British Airways ya fara sayar wa fasinjojin sashen talakawa abinci a gajerun hanyoyinsa, kuma a 2025 shi kansa Southwest ya fara karɓar kuɗin akwati bayan shekaru fiye da 50 yana ɗauka kyauta. Idan tafiya ta wuce sa'a huɗu ne ƙuncin ke fara cin jiki, musamman ga dattawa da masu ciwon ƙafa ko na baya, da kuma wanda zai sauka ya zarce wurin ciniki kai tsaye.

A doguwar tafiya kuwa, tsarin ya sha faɗuwa. Kamfanin Laker da ya fara ɗaukar mutane daga Landan zuwa New York da rahusa a 1977 ya durƙushe a 1982. WOW Air na ƙasar Iceland ya rufe a watan Maris na 2019, Norwegian kuma ya daina tsallaka teku a watan Janairu na 2021. Dalilin a bayyane yake: a tafiyar sa'a takwas, mai ne ke cin mafi yawan kuɗi, kuma farashin mai ɗaya ne ga kowa.

Abin da ya fi cin fasinja ba ƙuncin kujera ba ne, ƙarin kuɗin da bai yi tanadinsa ba ne. Tikiti mafi araha na Ryanair ƙaramar jaka guda ya ƙunsa, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera. A 2025 aka ɗan faɗaɗa girmanta zuwa santimita 40 da 30 da 20. Jakar da ta wuce haka, idan aka kama ta a ƙofar shiga jirgi, kuɗinta kan ninka abin da za a biya da an saya mata wuri tun daga gida, wani lokaci ma ya zarce kuɗin tikitin kansa. Wanda bai yi rajistar tafiyarsa ta intanet ba kafin ya iso filin jirgi, kuɗin da kamfanin ya ɗora masa a 2025 ya kai Yuro 55. Gardama kan irin waɗannan kuɗaɗe ta kai ga hukuma: a watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Sifen ta ci kamfanoni biyar tarar Yuro miliyan 179 saboda karɓar kuɗin jakar hannu da na zama kusa da yara, kamfanonin kuma suka garzaya kotu.

Sai kuma batun filin jirgi. Saboda kuɗin sauka ya fi sauƙi a ƙananan filaye, can ake kai fasinja, a rubuta sunan babban birni a tikiti. Filin Beauvais, da ake kira na Paris, yana da nisan kilomita 85 daga birnin. Filin Hahn, da aka laƙaba wa sunan Frankfurt, ya kai kilomita 120. A ƙaddara, alal misali, mutum ya sayi tikitin Yuro 25, ya biya 35 na akwati, 10 na kujera, kusan 20 na motar shiga gari. Ya kashe Yuro 90 ke nan, ga sa'a ɗaya da rabi da ya yi a hanya. Idan babban kamfani na sayar da nasa a kan Yuro 110 tare da akwati, ya kuma sauke shi kusa da gari, to, ragin bai taka kara ya karya ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ko da yake wanda ya tafi da ƙaramar jaka kaɗai, ya sayi tikitinsa makonni kafin tafiya, shi kam ya ci ribar tsarin sosai, kuma masu kaya ne suka biya masa.

Akwai wani haɗari da ya fi shafar mai ɗauke da fasfon Nijeriya. Yawancin jiragen araha daga gari zuwa gari kawai suke sayar da tikiti. Wanda ya haɗa tikiti biyu da kansa domin ya sauya jirgi a hanya, yarjejeniya biyu ya ƙulla, ba ɗaya ba. Idan na farko ya makara har na biyu ya tashi, tikiti na biyu ya ƙone, babu wanda zai nema masa wani jirgi ko masauki. Sannan kuma dole ya fita ya karɓi akwatinsa ya sake miƙa shi, wanda ke nufin ya bi ta gaban jami'an shige da fice. Idan ba shi da bizar wannan ƙasa, ba za a ma bari ya hau jirgin farko ba. Mutane da dama sun yi asarar kuɗinsu ta wannan hanya alhali takardun inda za su a cike suke.

Ga fatake masu sarin kaya, lissafin ya fi sauƙi. Manyan kamfanoni da dama da ke zuwa Afirka ta Yamma kan ba fasinjan sashen talakawa akwati biyu, kowane kilo 23. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke dawowa daga Dubai ko Guangzhou da samfurin kaya, waɗannan kilo 46 wani ɓangare ne na jarinsa. Idan ya sayi nauyi kamar wannan daban a jirgin araha, sau da yawa ragin tikitin ya tafi. Haka nan wanda ba shi da tabbacin ranar da cinikinsa zai kammala, domin sauya ranar tikiti mai rahusa kan kusan kai kuɗin sabo.

A nahiyar Afirka sakamakon ya bambanta. FlySafair na Afirka ta Kudu da Jambojet na Kenya, waɗanda duka suka fara a 2014, sun kafu. Amma fastjet, wanda ya fara a Tanzaniya a 2012 da burin mamaye nahiyar, ya dakatar da aiki a ƙasar a ƙarshen 2018. Mango ya tsaya a 2021, Kulula kuma a watan Yuni na 2022, ya bar masu tikiti a hannu suna neman kuɗinsu. Wannan ma abin lura ne ga mai sayen tikiti watanni kafin tafiya: bashi ya ba kamfanin, ba tare da jingina ba.

A cikin gida, kamfanin Green Africa ya fara aiki daga Legas a watan Agusta na 2021 da jirage masu farfela ƙirar ATR 72, masu ɗaukar mutum kimanin 70, tare da tsarin raba kuɗin kujera da na kaya. Bai yi wata bakwai ba sai yanayin kasuwa ya juya wa kowa baya. A watan Fabrairu na 2022 kamfanonin cikin gida suka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin tikiti zuwa Naira 50,000, a watan Mayu kuma ƙungiyarsu ta yi barazanar dakatar da aiki, tana mai cewa litar man jirgi ta tashi daga Naira 190 zuwa 700. Bayan da aka saki farashin Naira a watan Yuni na 2023, nauyin ya ƙaru, saboda hayar jirgi, kayan gyara, inshora, babban gyara da horar da matuƙa duk da Dala ake biyansu, alhali da Naira ake sayar da tikiti. A kan kowane tikiti kuma akwai kashi biyar cikin ɗari na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, ban da kuɗin filin jirgi.

Dabarun da suka ɗaga Ryanair ma ba su samuwa a nan yadda ya kamata. Legas filin jirgi ɗaya gare ta, babu wani ƙaramin fili mai rahusa a gefe da za a koma. Filaye da yawa a jihohi ba su da kayan saukar dare, don haka jirgin da ya kamata ya yi aiki daga asuba zuwa tsakar dare yakan kwanta da faɗuwar rana. Lokacin hunturu kuma hazo kan hana sauka a Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yola, kuma jirgi guda da ya makara da safe yakan ɓata dukan jadawalin wannan yini. Abin da ya rage wa kamfanin Nijeriya ya rage bai wuce kaya, ɗan abin taɓawa da sharuɗɗan sauya tikiti ba, shi ya sa tazarar farashi tsakanin mai araha da sauran ba ta da faɗi kamar yadda take a Turai.

Rahusar tikiti ba ta rage haƙƙin fasinja a gaban doka. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya, idan aka soke jirgi ko ya yi mummunan jinkiri bisa laifin kamfani, kuma ta shafi duk wanda ya tashi daga filin jirgin ƙasashen Tarayyar, ko ɗan wace ƙasa ne. Mai tikitin Yuro 25 na iya karɓar ninki goma na abin da ya biya. A Nijeriya, sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ya wajabta ba fasinjan cikin gida abin sha bayan jinkirin sa'a biyu, da mayar masa da kuɗinsa idan ya wuce sa'a uku kuma ya fasa tafiyar, da masauki idan jinkirin ya kai shi cikin dare. Mai neman wannan haƙƙi sai ya adana tikitinsa da takardar shiga jirgi da rasit ɗin duk abin da ya kashe, ya fara kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin, idan bai samu biyan buƙata ba ya miƙa shi ga sashen kare haƙƙin fasinjoji na hukumar, wanda ke da jami'ai a manyan filayen jiragen sama na ƙasar.