Samun Kifin Gida Don Akwatin Gilashi Bisa Doka

Manomi, idan kana son ajiye kifi a akwatin gilashi, Kogin Binuwai da Tafkin Geriyo na Jimeta suna da irin da ya dace, kamar ƙurungu da gartsa. Sai dai ba a kamo su yadda aka ga dama.

Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana taru mai ido ƙasa da milimita 76, in ban da wasu keɓaɓɓun kamu. Saboda haka tace 'ya'yan kifi da gidan sauro laifi ne, kuma kifin baɗi ake kwashewa. Ka tuntuɓi sashen kula da kifi na jiha a Yola tukuna, sannan ka bi ta hannun Sarkin Ruwa ka sayi mai rai wurin masunci. Karfasa da tarwaɗa kuwa, a wurin ƙyanƙyasa za ka saya.

Ka guji giwan ruwa, girmanta ya fi ƙarfin akwati. Sabon kifi ka ware shi mako 2 saboda cuta, ruwan famfo kuma ya kwana kafin ka zuba.