Firaminista Ko Shugaban Ƙasa: Ina Nauyin Ƙuri'ar Batsari Da Safana?

A watan Fabrairu na 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 suka kawo ƙudurin a mayar da Nijeriya kan tsarin firaminista, irin wanda muka gada daga Ingila. Mai karatu zai iya cewa wannan zancen manya ne a Abuja. To, bari mu kawo shi gida, mu auna shi da ƙuri'ar manomin Batsari da Safana.

A tsarin da muke bi yau, mai zaɓe a Batsari yakan jefa ƙuri'a dabam dabam: ta shugaban ƙasa, ta sanatan Katsina ta Tsakiya, ta ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar Batsari da Safana da Ɗanmusa, ta gwamna, da ta ɗan majalisar jiha. Masu yin doka suna gefe ɗaya, masu zartarwa suna wani gefe, alƙalai kuma suna nasu. Wannan shi ne tsarin Amurka, wanda muka ɗauka a 1979.

Daga 1960 zuwa 1966 kuwa ba haka abin yake ba. Mutum yakan zaɓi wakilin mazaɓarsa kaɗai. Jam'iyyar da ta fi yawan kujeru ita ce ke kafa gwamnati, jagoranta a majalisa ya zama firaminista, ministocinsa kuma dole su kasance 'yan majalisa. Ta haka Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi mulki a Ikko, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya zama Firimiya a Kaduna. Ranar da majalisa ta janye amincewarta, gwamnati ta faɗi ke nan.

Bambancin nan ba a takarda kawai yake ba, gama dattawanmu sun gani da idonsu. A 1979 Batsari da Safana suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, don sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. A zaɓen shekarar nan jama'a suka ba Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, ya kayar da Lawal Kaita na NPN, amma kuma suka cika majalisar dokoki da 'yan NPN. Jam'iyyun biyu kuwa ra'ayinsu ya yi hannun riga. PRP ta gaji NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda tun 1950 take cewa talakawa su ƙwaci kansu daga danniyar masu sarauta da En'e. NPN kuwa, a nan Arewa, ta fi kusa da tsohuwar NPC, masu ganin cewa sarauta da tsarin da aka gada su ne ginshiƙin zaman lafiya, gyara kuma a yi shi sannu a hankali.

Balarabe yana hawa ya soke haraji da jangali, abin da ya shiga gidan kowane manomi da makiyayi. Amma majalisa ta yi ta ƙin amincewa da mutanen da ya kawo su zama kwamishinoni, har ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Shugaban majalisar a lokacin, Mamman Abubakar Ɗanmusa, mutumin maƙwabtan Safana ne.

Da a ce tsarin firaminista ake bi, da wannan ja-in-ja bai taso ba. NPN mai rinjaye ita za ta kafa gwamnati tun ranar farko, Balarabe kuma ya zauna a kujerar 'yan hamayya. An huta da rikici, gaskiya ne. Sai dai mai karatu ya tambayi kansa, wa zai soke harajin?

Masu son a koma tsohon tsari suna da hujja mai ƙarfi, musamman ga mutanen bakin dajin Rugu, waɗanda ɓarayin daji suka hana su noma shekara da shekaru. Tsarin mulkin 1999 ya sa 'yan sanda da soja a hannun gwamnatin tarayya. Wakilin Batsari da Safana yana iya miƙewa ya yi kuka a zauren majalisa, a zartar da ƙuduri, amma ministan tsaro ba ɗan majalisar ba ne, shugaban ƙasa ne ya naɗa shi, shi ne kuma zai iya sauke shi. A tsarin firaminista kuwa minista yana zaune nan cikin zauren, wakilinka zai tambaye shi baki da baki, kuma gwamnati tana bukatar ƙuri'ar wakilin nan don ta tsaya da ƙafarta. Suna kuma cewa zaɓen shugaban ƙasa yana cin kuɗi ƙwarai, tun da ɗan takara sai ya zaga jiha 36.

Amma kada mu shafa wa zamanin da zuma. A Jamhuriya ta Farko 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri a kotunan En'e, matan Arewa kuma ba su da ƙuri'a sam. Idan jam'iyya ɗaya ta riƙe majalisa da gwamnati gaba ɗaya, ƙananan al'ummai da masu ra'ayi dabam ba su da inda za su kai ƙara sai kotu. A ganina wannan ne abin da ya fi cancanta a yi wa tambaya kafin a ɗaga hannu.

Sauya tsarin ba abu ne mai sauƙi ba. Sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai sun yarda, sa'an nan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Idan maganar ta kai nan, ɗan majalisar Batsari da na Safana suna cikin mutum 34 da za su faɗi matsayin Jihar Katsina.