Matsalar Fassara Wajen Auna Halartar Zuciyar Malaman Makaranta

1.0 Gabatarwa

Halartar zuciya, a wurin masana halayyar ɗan Adam, ita ce mutum ya tattara hankalinsa a kan abin da yake ciki a yanzu, ba tare da gaggawar yanke hukunci ba. Tushenta yana cikin addinin Buddha, kuma Jon Kabat-Zinn ne ya shigar da ita fagen kiwon lafiya a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979. Wannan maƙala za ta duba yadda ake auna ta a tsakanin malaman makaranta, da abin da ke faruwa idan ma'aunin ya ƙetara zuwa wani harshe.

2.0 Ma'aunin

A 2016 Frank da Jennings da Greenberg suka fito da takardar tambayoyi 14 domin malamai. Tara sun shafi malami da kansa, misali ko yakan koyar alhali hankalinsa yana wani wuri. Biyar kuwa sun shafi hulɗarsa da ɗalibai, kamar ko yakan lura da fushinsa kafin ya aikata wani abu. Malamin ne yake ba kansa maki, don haka ingancin sakamakon ya rataya ne a kan yadda ya fahimci tambayar.

3.0 Fassara da Al'ada

Hanyar da Brislin ya bayyana a 1970 ita aka fi bi: wani ya fassara takardar, wani daban ya mayar da ita harshen asali, sannan a kwatanta. Wannan hanya tana kama kuskuren kalma, amma nauyin da kalma ke ɗauke da shi a al'ada yakan kuɓuce mata.

Alal misali, idan aka zo mayar da takardar Hausa, “natsuwa” hali ne na mutumin kirki, kuma da wuya malami ya shaidi kansa da rashinta. “Hankali” ya fi nauyi, domin a ce mutum ba shi da hankali zagi ne. Ita kuwa “halartar zuciya” salla take tuna wa Bahaushe. Kowace aka zaɓa, ana iya ƙarewa da auna kunya ko tsoron Allah maimakon abin da aka nufa.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne a zauna da malamai kaɗan tukuna, kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya gane daga kowace tambaya, a gyara, sannan a rarraba takardar. In ba haka ba, hukumar da ta tsara horon malamai bisa waɗannan alƙaluma za ta kashe kuɗi tana maganin cutar da ba a gano ba.