Kwamfutar Wasa ta Iyali a Sandamu: Haɗaɗɗen Sashen Hoto ko Kati Mai Zaman Kansa

Kwamfutar da ake saya domin gida guda ba ta tsayawa kan aiki ɗaya, domin a kanta ɗalibi zai yi atisayen jarabawar JAMB, wadda tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, a kanta maigida zai buga takardunsa, kuma ita ce yara za su kewaye bayan la'asar domin wasan ƙwallo. A cikin waɗannan ayyuka wasa ne ya fi jigata na'ura, kuma nauyinsa yana kan sashen sarrafa hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira GPU. Allon da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma dole ne a sake zana su sau 30 zuwa 60 a kowace daƙiƙa kafin motsin ɗan wasa ya tafi sumul, ba tare da sarƙewa ba.

Sashen nan iri biyu ne. Haɗaɗɗe shi ne wanda aka gina a cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma ba shi da ma'ajiyar kansa, sai dai ya ci daga RAM, ma'ajiyar wucin gadi da na'urar ke ajiye aikin da ke hannunta. Mai zaman kansa kuwa kati ne dabam da ake sokawa a babban allon cikin kwamfutar, yana da tasa ma'ajiyar da nasa fankoki, abin da ya sa ya fi ƙarfi, ya fi tsada, ya kuma fi shan wuta.

Shekarun baya tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce ƙwarai. Kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da katin GeForce 256 a 1999, kuma na tsawon lokaci duk mai son wasa sai ya nemi kati. Al'amarin ya fara sauyawa bayan AMD, mai ƙera firosesa, ya sayi kamfanin ATI mai ƙera katin hoto a 2006, sannan a 2011 shi da Intel suka fitar da firosesa masu ɗauke da sashen hoto a jikinsu. A yau PlayStation 5 kanta da irin wannan haɗin take aiki, kuma firosesa kamar Ryzen 5 5600G na 2021 yana tafiyar da Minecraft da Roblox da tsofaffin wasannin FIFA da PES, muddin aka rage ƙawar hoto.

Sai dai a Sandamu, kamar sauran garuruwan masarautar Daura, wuta ce ke fara yanke hukunci kafin a zo batun ƙarfi. Wutar KEDCO, kamfanin da ke rarraba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, ba ta zama dare da rana, saboda haka gidan da ya mallaki kwamfuta yakan jingina da sola da inbata, ko kuwa janareta. Kwamfutar tebur mai haɗaɗɗen sashe, har da allonta, tana shan kimanin wat 100 a lokacin wasa, alhali katin RTX 3060 shi kaɗai yana neman wat 170, wanda ke kai jimillar kusan wat 300. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, wanda rabin cajinsa kawai ya kamata a riƙa ci idan ana so ya yi ƙarko, zai riƙe ta farko kusan awa 12, ta biyu kuwa awa 4, kuma wannan lissafi bai haɗa da fankar ɗaki da fitilu da cajin wayoyin gida ba. Ke nan kuɗin kati bai ƙare a kanti ba, yana biyo mai shi gida a matsayin ƙarin batir ko ƙarin fetur.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa hukuncin. A bazara zafi yakan kai digiri 40, kuma idan na'ura ta ɗau zafi fiye da kima takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, ta yadda kati mai tsada zai iya yin aikin mai araha a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankoki, kuma gwargwadon yawan fankokin, gwargwadon yawan sharar da za su buƙata.

Duk da haka akwai gidan da kati ya zame wa dole. EA Sports FC 24, wanda ya gaji FIFA a 2023, yana neman aƙalla katin GTX 1050 Ti ko RX 570, haka nan matashin da ke tace bidiyon biki ko zanen gini zai ga bambanci a fili. Ga irin wannan gida, katin GTX 1650 na 2019, mai shan wat 75, ko RTX 4060 na 2023, mai shan wat 115, ya fi dacewa da inbata a kan manyan katuna.

Mafi yawan masu saye daga yankin Daura Kano suke nufa, kasuwar Farm Centre ko titin Beirut, inda kayan hannu suka fi sababbi yawa, kuma a can ake buƙatar lura. Firosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F ba shi da sashen hoto ko kaɗan, don haka ba zai nuna komai a allo ba sai da kati, alhali na AMD mai ƙarewa da G an yi shi ne musamman da haɗaɗɗen sashe. Tun da haɗaɗɗe daga RAM yake ci, sanduna biyu masu gigabait 8 kowanne sun fi guda ɗaya mai 16 saurin kai masa bayani. Katin hannu kuma sai an kunna shi an yi wasa a gaban mai kanti na tsawon lokaci, domin da yawa sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto ba hutu kafin Ethereum, ɗaya daga cikin irin wannan kuɗi, ya bar wannan tsari a Satumbar 2022.

Bambanci na ƙarshe yana tsakanin laftof da kwamfutar tebur. Sashen hoton laftof a manne yake, abin da aka saya da shi za a zauna, amma kwamfutar tebur mai wadataccen akwati tana da gurbin da ke jiran kati. Saboda haka iyalin da ba su tabbatar da bukatarsu ba za su iya farawa da haɗaɗɗen sashe da RAM mai gigabait 16, su ga irin wasan da yara suka fi so da abin da batirin gida zai iya ɗauka, sannan su ƙara kati a shekarar da bukata da wuta suka yi daidai.