Tsuntsu Mai Juya Duwatsu

Kowa ya san shamuwa. Ta kan zo da damina, ta koma da kaka. To, akwai wani ɗan tsuntsu a bakin teku wanda ya fi ta nisan tafiya ƙwarai.

Girmansa kamar na kurciya, tsawonsa wajen inci 9. Cikinsa fari, ƙirjinsa baƙi, ƙafafunsa gajeru ne jajaye. Turawa sun sa masa suna wanda ma'anarsa ita ce Mai Juya Duwatsu. Ga dalili: ya kan cusa baki ƙarƙashin ɗan dutse ko ciyawar teku, ya birkice shi, ya cinye ƙwari da ƙananan ƙaguwa da su ke ɓoye a wurin. In abin ya fi ƙarfinsa, wani lokaci biyu ko uku su kan taru su ture shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da rani a kan gan shi a gaɓar Afirka ta Yamma, kamar Ikko da Ankara. Amma ba nan ya ke ƙwai ba. Wajen watan Mayu sai ya nufi can ƙurewar arewa, ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan da arewacin Rasha. A can, cikin watan Yuni, rana ba ta faɗuwa, ƙwari kuwa sun yi yawa. Macen ta kan yi ƙwai 4 a ɗan rami a ƙasa. Bayan kwana 22 zuwa 24 sai su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su kan nemi abincinsu da kansu, bayan kamar mako 3 kuma su iya tashi. Kafin sanyi ya kama, duk sun juyo kudu.

A 2009 masana a Ostareliya sun ɗaura wa waɗansu 'yar na'ura a ƙafa. Suka ga sun tashi daga can har Taiwan, wajen mil 4,700, cikin kwana 6 ba su sauka ba.

Irin wannan tafiya sai da ƙiba, gama kitsen jikinsa shi ne guzurinsa. In an yi ta korarsa wurin kiwo, ko aka cike gaɓar da gine-gine, ba zai kai gida ba. A 2024 an sa shi cikin jerin tsuntsayen da a ke jin tsoron raguwarsu. Saboda haka, jama'a, wanda ya je bakin teku ya gan shi, ya ƙyale shi ya ci abincinsa, ya kuma hana yara jifarsa. Baƙo ne, matafiyi.

Tambayoyi
1. Don me a ke ce da shi Mai Juya Duwatsu?
2. A ina ya ke yin ƙwai?
3. Mene ne guzurinsa?