Lama, Dangin Raƙumi Mara Tozo

A kan duwatsun Andis na Amurka ta Kudu, musamman a Bolibiya da Peru, akwai wata dabba da ake kira lama. Dangin raƙumi ce, amma ba ta da tozo, ba ta kuma kai shi girma ba. Mutanen wurin sun fi shekara 4,000 suna kiwonta a kan tuddai masu tsananin sanyi. Bari mu duba yadda iyali ke riƙon garkensu.

Lama takan ɗauki kaya na kilo 25 zuwa 30. In aka labta mata fiye da ƙarfinta sai ta durƙusa, ta ƙi tashi. Da gashinta ake saƙa bargo da buhu, ana kuma tufka igiya. Ana shanya namanta da gishiri don ajiya. Garke yakan yi kashi wuri ɗaya, saboda haka kwasa ba wuya. A yi girki da busasshen, sauran a kai gonar dankali.

Amma ga inda wahalar take. Lama takan yi wajen kwana 350 da ciki, ta haifi ɗa guda tak. Wanda ɗan lamarsa ya mutu ya yi asarar shekara guda ke nan. Don haka makiyayi mai lura yakan kiyaye abu uku.

Na ɗaya, lokaci. Macen ba ta da lokacin neman namiji kamar saniya, barbarar ce ke sa ta saki ƙwai. Sai a haɗa su yadda haihuwa za ta faɗo cikin daminarsu, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta wadata.

Na biyu, zaɓen namiji. A bar mai ƙoshin lafiya da miƙaƙƙun ƙafafu, sauran a dandaƙe su don dako. Lokaci lokaci a yi musanya da maƙwabta, kada uba ya hau 'ya'yansa iri ya lalace.

Na uku, jariri. Uwar ba ta lashe shi, yawanci da hantsi take haihuwa, rana ta busar da shi kafin sanyin dare. Dole ya sha dakashi a sa'o'in farko. Garke mai taɓo yana kawo zawo da ke kashe 'ya'ya, shi ya sa ake sauya musu makwanci.

Ba mu da lama a ƙasarmu, amma waɗannan ka'idodi uku sun shafi tumakinmu da awakinmu. Mu dubi namu garken: yaushe rabonmu da sauya rago?