Bindigar Ƙanƙara da Bindigar Akwatin Sama: Wacce Ta Cancanci Wahalar Matashin Gallabat?

Gallabat gari ne na bakin iyaka a jihar Gadarif, gada ce kawai ta raba shi da Matamma ta ƙasar Habasha. Takarir, mutanen da suka fito daga Darfur da yammacinta, su suka kafa shi a ƙarni na 18, kuma har gobe Hausawa na cikin manoman riɗi da dawa na wannan jiha. 'Ya'yansu, kamar sauran samarin Sudan, sun rungumi wasan PUBG Mobile tun bayan fitowarsa a 2018: mutum ɗari su diro a tsibiri guda, fili ya yi ta tsukewa, wanda ya rage shi ne gwani. A cikin wasan akwai makamai biyu da kowane ɗan wasa ke kwana da burinsu, M416 mai rigar ƙanƙara da ake kira Glacier, da kuma AWM. Hanyar samunsu ta sha bamban, haka ma abin da kowacce ke bar wa mai ita.

Glacier ado ce da ake sanya wa M416, bindigar da ake tsinta a ko'ina cikin fili. Daga akwatin sa'a take fitowa, ana buɗe shi da takardun da wasan ke bayarwa jefi-jefi ko da UC, kuɗin cikin wasa. Wani ya buɗe sau ɗaya ta faɗo masa, wani ya shekara yana buɗewa bai ga ko ƙyallinta ba. In an same ta ma aiki bai ƙare ba, domin matakai bakwai gare ta, kowane mataki da kayan da yake ci. A matakan sama ne harbi ke tartsatsin ƙanƙara, sunan mai ita ya fito da ado a allon kowa in ya kayar da abokin karawa. Sai dai ko ta kai mataki na bakwai, ƙarfin harsashinta daidai yake da na M416 ɗin da yaro ya tsinta a ɗakin farko da ya shiga.

AWM kuwa ba ta sayuwa. Sai jirgi ya ratsa ya saki akwati, jan hayaƙi ya tashi, kowa ya ga inda ya sauka. Mai son ta dole ya kutsa wurin da ya san idanu na kansa, kuma yana iya isa ya tarar wata bindigar ce a ciki. Harsashinta, .300 Magnum, tare da ita yake zuwa, ɗan kaɗan ne, ba a tsintarsa a gidaje. Darajarta ita ce harbi ɗaya a ka yana kayar da mutum ko da yana sanye da hular kwano mai mataki na uku. Amma wannan harbi ɗaya sai mai hannu. Ka dubi gwani in ya ɗora madubi mai ninki takwas: babban yatsa na lallaɓa saiti, ɗan ali na jira a kan maɓallin harbi, ya ɗan ɗaga bakin bindiga saboda harsashi na sunkuyawa a nesa, ya sa saitin gaba kaɗan da mai gudu, sannan ya saki. In ya kuskure, kafin ya sake ɗana ta an gano maɓoyarsa. Da wasa ya ƙare kuma bindigar ta tafi, abin da ya rage masa shi ne iyawar.

A nan bambancin yake. Glacier tana zaune a asusu, AWM tana zaune a yatsu. Asusu ana sace shi, ana rufe shi, ana damfarar mutum a cinikinsa. Iyawa kuwa tana bin mai ita ko wayar aro ya ɗauka, kuma wanda ya saba da AWM zai yi aiki da sauran bindigogin harbin nesa irin su Kar98k ko M24 ba tare da wata gargada ba.

Gaskiya ce Glacier na da nata hakkin. Kyakkyawa ce, son ado kuma ba laifi ba ne. Kuɗin masu sayen irinta ne ma ke sa talaka ya sauke wasan kyauta. Wanda ke da hali ya sayi abin da ya san farashinsa, ba mai ce masa don me. Abin da ke damuna shi ne akwatin sa'a, inda ake biya ba a san abin da za a samu ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni caca ne, Sin kuma tun 2017 ta tilasta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane kaya. A Sudan ana sayen UC galibi ta hannun dillalai, a tura musu kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, farashin na bin dala, fam ɗin Sudan kuma sai faɗuwa yake tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Saurayin da ya wuni yana yankan riɗi a rana, ya zuba ladansa a akwatin da wataƙila riga ko takalmin wasa zai ba shi, ya cuci guminsa.

Ita ma AWM ba kyauta take ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, gudun nan kuwa sa'o'i ne a filin atisaye, da data, da cajin da ake biya a shagon mai sola. Tana kuma buƙatar sabis mai kyau, domin in layi ya yi nauyi sai ka harbi wurin da mutum ya riga ya bari. A Fabrairun 2024, da aka katse sadarwa a yawancin Sudan, mai ado da mai saiti duk zama suka yi. Wanda ya bar barci da karatu da sallar asuba don ya gyara hannu, shi ma ya biya da tsada, ko da bai kashe fam ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ɗan Gallabat ya fi kowa sani. A nan aka harbi Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu a yaƙinsa da Ansar, mabiya Mahadi, a Maris 1889, a nan sojojin Ingila da na Italiya suka gwabza a Nuwamba 1940, ta wannan gadar kuma dubban mutane suka tsallaka da ƙunshin kayansu suna gudun yaƙin yanzu. Garin da ya ga aikin bindigar gaske bai kamata ya bar ta waya ta cinye masa kuɗin cefane ba.

In aka ce in zaɓa, AWM na zaɓa, saboda tana koyar da haƙuri da lissafi da riƙe kai lokacin da zuciya ke bugawa, kuma ɗan mai kuɗi da ɗan lebura daidai suke a gaban jan hayaƙin nan. Shawarata ga ƙannena ita ce su yanka wa wasa lokacinsa, bayan aiki da karatu, su gyara saiti gwargwadon iko, kuɗin riɗi kuma su kai shi gida. Glacier in takardar kyauta ta kawo ta, madalla. In ba ta zo ba, M416 ɗinsu ba ta rasa komai ba.